Filin Zanzaro a Zanen Kawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya koma ga Mai shi ranar wata Talata da hantsi, damina ta yi tsakiya, gero ya kai ƙugu.

Kwana uku muka yi a kan tabarmi a ƙofar gidansa, ƙarƙashin darbejiyar da ya dasa da hannunsa. An zo daga Kunci, an zo daga Dawakin Tofa, har da wasu dattawan 'yan hatsi daga Dawanau waɗanda ya yi shekaru yana gyara musu rediyo. Duk wanda ya zauna aka shafa fatiha, sai ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa. Ai ruwan nan kaɗai ya ishe shi guzuri." Daga nan sai idonsa ya kai kan tankin da ke tsaye a bakin masallaci, ya tuna kwana goma sha ɗaya ke nan ko ɗigo bai sauko ba, sai ya gyara zama.

A cikin gida wata tsohuwa ta ce wa mata ai famfon ne ya riga kowa sani, ya ga mai shi zai tafi ya ɗauke ruwansa. Kafin azahar maganar ta fito waje, maza suna ta jinjina kai suna cewa ikon Allah. Liman ya yi nasiha a kan sadaka mai gudana, wadda ladanta ke bin bawa har cikin kabarinsa muddin ana amfana da ita. Ni kuwa ina gefen tabarma, kaina a ƙasa. Famfon nan bai san komai ba. Ni na kashe shi, kuma dalilin wannan rubutu ke nan.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Manomi ne kamar kowa a garinmu, amma ranar kasuwa yana da rumfa a Kunci inda yake gyaran rediyo. Bokonsa bai wuce firamare ba, sai 'yan shekarun da ya yi a birni a hannun wani tsohon mai gyara. In ka kawo masa abu ba ya fara ɗaukar sukundireba. Sai ya ce, "Kawo in ji," ya kai hancinsa ya shaƙa, ya gaya maka abin da ya ƙone tun bai buɗe ba. Ba ya yar da ko ƙusa ɗaya, gwangwanayen tumatir sun fi ashirin a ɗakinsa, kowanne da irin abin da ke ciki. Yana da saurin fushi a kan abu guda: ya ga mutum yana marin rediyo don ta yi magana. "Me ta yi maka?" zai ce, ya fizge ta. Tsofaffin mata kuwa, in suka aiko da tocilan, ya gyara ya sa sabon batir daga aljihunsa, ya ce a dai riƙa sa shi a addu'a.

Shekarun baya wasu masu taimako suka haƙa mana rijiyar burtsatse, suka kafa sola da tanki, suka ɗauki hoto suka tafi. Shekara biyu ana shan ruwa, sai akwatin da ke sarrafa wutar famfon ya ƙone. Aka nemi masu aikin, babu su. Aka zaga kasuwannin birni, ba a sami wanda ya dace da irin injin da ke cikin rijiyar ba. Tsohuwar rijiyarmu kuma ta daɗe da ruftawa. Kawu ya kwance akwatin ya kai ɗakinsa. Wata biyu yana fama, yana ciro kaya daga matattun rediyo da talabijin, yana haɗa su waya bayan waya a kan wani faifan roba. Abin da ya fito da shi ba kyan gani, kamar sheƙar tsuntsu. Amma yana tayar da famfo in rana ta yi ƙarfi, ya tsayar in tanki ya cika, ya tsayar in ruwan rijiya ya ja baya. Shekara goma sha biyu garinmu yana sha daga wannan sheƙar.

Ni ne ɗan da ya yi karatun lantarki a dangi, kuma a hannun Kawu na fara riƙe ƙarfen dalma, wanda ake liƙe waya da shi. Babban ɗansa, taubashina, ba ya kirana da komai sai Injiniyan Takarda. Ko a taron biki ya hango ni sai ya ɗaga murya, "A ɓoye rediyo, ga Injiniyan Takarda nan!" Ni ma ina ramawa, haka muka taso.

Da Sallar Layya Kawu ya kira ni zaure. Yanar ido ta rufe masa ɗaya, ɗayan ma ta fara, hannunsa kuma yana rawa. Ya ce, "Haɗin famfon nan yana hana ni sukuni. In na faɗi, wa zai gane wannan cakwakiyar? Ka mayar mini da ita koren allo irin na cikin rediyo, a buga da yawa, yadda kowane mai gyara zai cire ya sa wani." Ya jawo wata tsohuwar kalanda daga ƙarƙashin buzunsa. A bayanta ya zana da'irar wutar duka da biro, kowace waya da inda ta fito da inda ta nufa.

Bari in yi bayanin aikin a taƙaice, don a gane inda na yi ɓarna. Yanzu ba a zana hanyoyin jan ƙarfen da ke kan allo da hannu. Za ka shigar da zanen cikin kwamfuta, ka ba kowane abu lambarsa da ƙarfinsa, ka gaya mata sawunsa, wato ƙafafunsa nawa ne da tazarar da ke tsakaninsu, ka sa wa kowace waya suna. Sannan akwai wani shafi na ƙa'idoji, inda za ka ce hanya kaza faɗinta kaza, kada kaza ya kusanci kaza. In ka gama sai ka danna, manhajar ta jera kayan da kanta ta shimfiɗa hanyoyin. Ba ta da wayo ko kaɗan. Abin da ka gaya mata shi ta sani.

Na yi aikin da kyau, ko in ce na zaci haka. Mako biyu ina kai, na auna ƙafar kowane abu, na bi kowace waya sau biyu. A zanen Kawu akwai layuka huɗu da ya bi da biro sau uku-uku har takardar ta kusa hujewa. Na ce rawar hannu ce ta tsufa, na shigar da su kamar sauran. Akwai kuma wani fili fari fat a kusurwar sama, faɗin yatsa uku, tsakanin wayoyi biyun da ke shigowa daga sola. Na ce wurin ne ya rage masa a takarda. Shafin ƙa'idoji kuwa ban ko buɗe shi ba, na bar shi yadda ya zo. Na sa manhajar ta binciki zanen, ta ce babu kuskure. Na danna, cikin minti biyu ta fitar da allo ɗan ƙarami tsaf-tsaf, bai kai tafin hannuna ba. Wallahi har tafi na yi ni kaɗai a ɗaki.

Da allunan suka iso daga masu bugawa na ɗauki hutu na tafi gida ina ta rawar kai. Na tarar da Kawu a zaure da taubashina. Ya karɓi allo ɗaya ya fita da shi rana, ya kawo shi dab da idonsa mai gani, ya kasa. Sai ya fara shafa shi da ɗan yatsa a hankali.

"Ina manyan hanyoyina?"

Na ce, "Suna nan, Kawu, duka."

"Wannan zaren? Shi zai ɗauki wutar famfo da tsakar rana?" Ya ci gaba da shafawa har ya kai kusurwa. "Ina filina?"

"Wane fili?"

"Na nan. Ka haɗe mini wayoyin sola kamar 'yan biyu a goyo. Nan ɗakin zanzaro ne. Duk damina sai ya shigo ta hujin iska ya yi gininsa a kusurwar nan, da ɗanyen laka. Na toshe hujin, akwati ya yi zafi, na rushe ginin ya dawo. Sai na bar masa wurinsa."

Na yi dariya. Allah ya yafe mini, na yi dariya har da riƙe ciki, a gaban ɗansa. Na ce kwamfuta ta bincika ta ce ba kuskure.

"Me ka gaya mata?"

"Abin da ka zana."

"A'a. Abin da ka ga dama ka gani dai."

Nan raina ya ɓaci. Na yi mako biyu ina wahala, ga shi ana yi mini maganar ƙwaro. Na ce, "Haba Kawu, zamanin zane a bayan kalanda fa ya wuce."  Kawu ya miƙo mini allon. Ya ce, "To, Injiniya. Abu ɗaya nake roƙo. Gwada naka da sabbin kaya, ko wata uku za a yi ana nema. Tsohon nan da ke aiki, kada ka taɓa shi."

Ga inda abin ya fi muni. Akwai manyan kaya uku a tsohon faifan da na rasa irinsu a birni, sai an yi odarsu daga waje. Hutuna saura kwana biyu. Washegari taubashina ya ɗauki Kawu a babur zuwa asibiti duba ido. Suna fita na ɗauki ƙarfen dalma na nufi tankin. Na kwance sheƙar shekara goma sha biyu, na zare kayan nan uku, na yanyanke wayoyin da suka tare mini hanya, na dasa a sabon allo. Kafin azahar famfo ya tashi, ruwa yana zuba a tanki. Da suka dawo na tare su da murna. Kawu ya tsaya ya saurari ƙarar famfon, ya tambayi inda tsohon faifan yake. Na nuna masa buhun da na tara tarkacen. Ya sa hannu ciki ya taɓa, ya fito da hannun, ya wuce gida. Na koma birni ban yi masa sallama yadda ya kamata ba, ina jiran ya kira ya ce na yi daidai.

Ranar ta tara da sa sabon allon famfo ya tsaya, taubashina ya kira ni. Bai ce Injiniyan Takarda ba. Cewa ya yi, "Ɗan'uwa, ka zo gida." Tunda muke bai taɓa kirana haka ba, kuma da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Da na buɗe akwatin ƙauri ya buge ni. Siraran hanyoyin nan sun yi zafi sun ɗago daga allon kamar ɓawon albasa. A kusurwar sama kuwa ga ginin zanzaro, ya ɗora ɗanyen lakarsa daidai kan wayoyin sola biyu ya haɗe su, wurin ya yi baƙi ƙirin. Kayan nan uku sun gasu. Babu sabo, babu tsohon da za a koma wa. A bayana mata da 'yan mata sun riga sun ɗauki hanyar garin da ke gabanmu da jarkoki, cikin taɓo.

Na shiga wurin Kawu na durƙusa. Yana kwance, zazzaɓi ya kama shi tun kwana biyu. Na yi niyyar doguwar magana, sai ya riga ni. Ya ce, "Tashi, tashi. Na gaya wa Liman na'urar ce ta tsufa kamar mai ita. Kai ma abin da za ka ce ke nan." Ya sa aka ɗauko kalandar. Ya ce in kama yatsansa in ɗora a kan zanen, tunda ido ya ƙi. Haka muka bi shi layi-layi. Wannan mai kauri ne saboda duk wutar injin ta nan take bi. Wannan kada ya kusanci wancan, in ba haka ba famfo zai riƙa tashi yana tsayawa ba dalili. Wannan a sa shi ƙasa, zafi sama yake hawa. Yana faɗa ina rubutawa. Muka zo kan wani ɗan ƙwan fitilar mota da ya saƙala a tsakiyar da'irar, wanda ban taɓa gane amfaninsa ba. Ya yi murmushi ya ce, "Wannan labarinsa da tsawo." Sai aka kira la'asar, tari ya sarƙe shi. Ya ce in je birni in yi odar kayan tukuna, in na dawo ma ƙarasa.

Na dawo ranar Talata da hantsi, na tarar da takalma a ƙofar gida.

Inna, matar Kawu, ita ta aiko cewa ɗan ƙanwarsa ya zuba ruwan wanka, don shi ya fi so. Liman da wani maƙwabci suna wankewa, ni ina riƙe da buta. Ruwan kuwa taubashina ne ya ɗauko shi a babur daga wancan garin, jarka biyu rawaya masu ɗauke da alamar gidan wasu. Mutumin da ya shayar da gari shekara goma sha biyu, da ruwan aro aka wanke shi, kuma ni nake tsiyayawa. Liman ya ce in rage sauri, ruwan ba yawa. Ban san yadda na gama ba.

Bayan addu'ar uku na koma kan zanen. Wannan karon shafin ƙa'idoji na fara buɗewa. Layukan nan huɗu na ware su na ba su faɗin da ya dace, na rubuta tazarar da Kawu ya ce. A manhajar akwai yadda za ka zana akwati ka ce nan haramun ne, kada hanya ko kaya su shiga. Na zana shi a kusurwar sama, faɗin yatsa uku. Ta nemi in sa wa wurin suna, na rubuta zanzaro. Ƙwan fitilar kuwa na nuna wa abokan aikina biyu da suka fi ni sani, duka suka ce ba shi da wani aiki, in cire. Na nemo sawunsa na auna na sa shi yadda yake. Da na danna, allon da ya fito ya ninka na farko biyu, ba shi da kyan gani. Masu bugawa suka aiko saƙo cewa akwai fili da yawa a banza, za su iya matse mini shi. Na ce su bar shi haka.

Kwana talatin da takwas tankin ya yi a bushe. Ranar da ruwa ya dawo, yara suna ihu mata suna guɗa, ni na tari bokitin farko na kai wa Inna, tana cikin takaba ba ta fita. Na ajiye a gabanta na gaya mata komai, har dariyar da na yi. Ta bar ni na kai ƙarshe.

"Na sani," ta ce. "Tun ranar ya faɗa mini. Ya ce kada in bari ka ji a bakin kowa."

Na tsaya ina jiran ta ce ya wuce.

"Shi ya yafe maka, ni shaida ce. Ni dai da ruwan wani gari aka wanke mini miji." Ta jawo bokitin ta cika butarta, ta juya ta fara alwala.

Har yau taubashina bai koma kirana Injiniyan Takarda ba. Muna gaisawa da mutunci kamar surukai. Mutanen gari kuma suna ta yi mini addu'a, wai na gaji Kawu, kowace addu'a sai na ji kamar an ɗora mini dutse. Kawu ya ce in ce na'ura ce ta tsufa. Na saɓa masa a karo na biyu da na rubuta wannan, amma na kasa ci gaba da karɓar godiyar da ba tawa ba. Kuma akwai tsoron da ke tare da ni: mun tsaya ne a tsakiyar takardar. Ban san abu nawa ne ya rage a bayan kalandar nan da nake kallo ba na gani.

Mako uku bayan dawowar ruwa na je da tsakar rana na buɗe akwatin. Famfo yana aiki, hanyoyin ba zafi, ɗan ƙwan fitilar yana ja-ja-ja a hankali, shi ya san abin da yake yi. A kusurwar sama, a tsakiyar filin nan, ga sabon gini na laka, ɗaki biyu an rufe, na uku a buɗe bakinsa da danshi. Ta kowane gefe saura faɗin yatsa ɗaya kafin waya. Ina tsaye mai ginin ya shigo ta hujin iska da ƙwallon laka a bakinsa, ya wuce ta gefen kunnena ya sauka a wurinsa, ko kallona bai yi ba. Nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Da na gama na mayar da murfin a hankali don kada in rushe masa aiki.

Ya Allah, ka jiƙan Kawu, ka yalwata masa makwanci, ka shayar da shi daga tafkin Manzonka, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Duk wanda ya yi alwala ko ya jiƙa maƙogwaro da ruwan nan, ka kai masa ladan. Kwana talatin da takwas ɗin nan ma, ya Allah, ka rubuta masa su cikakku. Ba shi ya tsayar da ruwan ba, ni ne.